Akwati, ƙofar baya ko tirela: ɗaukar babur mai taya huɗu a gajeren bodin a-kori-kura

Ranar da na je ɗauko babur ɗina mai taya huɗu, wani Honda Rancher 420 na hannu, a gonar wani dattijo da ke kudu da Kolumbus ta jihar Ohayo, ban tafi da tef ɗin awo ba. Na dogara da ido. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to ran nan dai bai sani ba. Na jingina tsanin hawa, na lallaɓa da babur ɗin har bambarsa ta daki akwatin kayan aikin da ke girke a bayan gidan direba, na kashe inji na sauko ina murmushi. Dattijon bai ce uffan ba, sai ya nuna mini tayoyin baya da sandarsa. Suna zaune can a bakin ƙofar bodi, rabinsu na leƙen ƙasa, wayoyin nan biyu da ke riƙe da ƙofar kuwa sun miƙe sun yi tsam kamar tsarkiyar baka.

"Ɗana, ina ne gida?"

Na ce mil 40 ne, Baba.

Ya ce, "Bi ta ƙauyuka. Kada ka hau babbar hanya."

Na isa lafiya, amma idona bai bar madubi ba har ƙofar gida. Tun daga ranar na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko, kuma shi nake son in shimfiɗa maka, domin a yawancin jihohin Amurka ba a yarda ka hau irin wannan babur a kan babban titi ba. Dole sai an ɗauke shi an kai shi daji ko gona, kuma mafi yawan a-kori-kurar da ake saye yanzu masu ƙofa huɗu ne, waɗanda aka ci tsawon bodinsu aka ƙara wa kujerar baya.

Awo biyu ne kawai ke yanke hukunci. Na farko daga fuskar akwatin zuwa inda ƙofar baya ke lanƙwasawa. Na biyu daga bambar babur zuwa tsakiyar tayarsa ta baya. Mutane kan auna tsawon babur ɗin gaba ɗaya su tsorata, alhali kariyar baya, wato ƙarfen ɗora kaya, da ɗan abin da ya wuce taya ko sun yi reto a iska babu abin da zai faru. Inda taya ta zauna, nan nauyi yake.

Gajeren bodin Ford F-150 inci 67 ne, wato wajen ƙafa biyar da rabi. Na Ram 1500 ma kusan haka, na Chevrolet Silverado ya ɗan ɗara, wajen inci 70. Akwatin da ke gicciye daga gefe zuwa gefe kuwa yawanci yana cin inci 20. Saura 47 ke nan a motata. Manyan babura na aiki, irin su Rancher, Yamaha Grizzly 700 da Polaris Sportsman 570, duk tsawonsu tsakanin inci 81 da 84 yake, tazarar tayar gaba da ta baya wajen inci 50, faɗinsu 47 zuwa 48, nauyinsu daga kilo 270 zuwa sama da 300. A nawa, daga bamba zuwa tsakiyar tayar baya na sami inci 66. Cire 47 daga 66, ka ga tayar ta wuce bakin bodi da inci 19, a kan ƙofar da tsawonta bai fi 21 ko 22 ba in an kwantar da ita. Abin da dattijon nan ya gani ke nan ba tare da tef ba.

In bodinka mai ƙafa shida da rabi ne, inci 79, labari ya sha bamban. Bayan akwati saura 59, tayar za ta hau ƙofa da inci bakwai ko takwas kacal, kusa da mahaɗarta inda ta fi ƙarfi. Kai kam ba ka da matsala sosai, ka shimfiɗa katako ka ɗaure da kyau ka kama hanya. Mu masu ƙafa biyar da rabi ne ke da shawarar yankewa.

Mu fara da abin da kowa zuciyarsa ke so: a bar akwati inda yake, a kwantar da ƙofa, a tafi. Ba ya cin ko sisi, kuma za ka ga mutane suna yi a kowace Asabar a kan hanyar garin Nelsonbil na jihar Ohayo. Akwatin ma yana da wata rana da ba a cika ambata ba, shi ne garkuwar gilashin baya. Amma ka tsaya ka dubi abin da ke ɗauke da wannan nauyi. Ƙofar bodi gwangwani ce mai rufi biyu, ko alminiyom a sababbin F-150 tun daga na 2015, kuma wayoyi biyu ne ke riƙe da ita. Masu cewa "ai duk wanda ya hau da babur ta kan ƙofar yake bi" gaskiyarsu ne, amma wucewar daƙiƙa uku daban, zaman awa biyu daban. Duk ramin da motar ta faɗa, kilo 140 ko fiye da ke kan tayoyin baya yana tashi ya dawo ya daki bakin ƙofar kamar guduma, ga shi kuma a can ƙarshenta inda ya fi yi wa wayoyin lahani.

Wayoyin nan kuma mayaudara ne. An lulluɓe su da roba, sai ruwa ya shiga ta wata 'yar tsaga ya kwanta a inda wayar ke lanƙwashewa, tsatsa ta cinye ta daga ciki, daga waje kuwa kamar sabuwa. A jihohin da ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kamar namu, abin ya fi sauri. A 2004 sai da General Motors ya kira motoci kusan miliyan 4, galibinsu Silverado da Sierra, domin a sauya musu waɗannan wayoyi saboda tsatsa na tsinka su. In ka ga robar ta kumbura ko ta tsage, ka sauya duka biyun, ba su da tsada.

Akwai gyara iri biyu da ke rage haɗarin. Ana sayar da sandunan ƙarfe da ake maƙalawa daga sakatar bodi zuwa ƙofar, su karɓi nauyin daga hannun wayoyin. Sai kuma katakon filawud mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, wanda za ka shimfiɗa tun daga gaban bodi har bakin ƙofa. Faɗinsa inci 48, tsakanin ƙusoshin taya (tudun nan biyu da ke rufe tayoyin baya a cikin bodi) na manyan motocin kuma kusan 50 da rabi, don haka yana shiga daidai, har ma ya zura ƙarƙashin akwatin. Katakon yana hana taya loɓa ƙofar, yana raba nauyi. Sai dai an gudu ba a tsira ba, domin babu katakon da zai gyara inda nauyin ya zauna. Akwatin ya tura babur baya da inci 20, tsakiyar nauyinsa ta koma can bayan tayoyin motar. Gindin mota ya zauna, hancinta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako a hannunka, fitilunka da dare suna haska idon masu zuwa. Ni a ganina wannan hanya ta daga gida zuwa gonar da ke mil biyar ce, a guje kaɗan. Ban yarda da ita a tafiyar babbar hanya ba, kuma da ƙaramin babur ne kawai, irin Honda Recon mai tsawon inci 75 da nauyin kilo 200, zan sassauta.

Na biyu, a sauke akwatin. Da ya fita, inci 67 suka dawo, tsakiyar tayar baya ta zauna daidai bakin bodi. Ƙofa dai ba za ta rufu ba, kada ka sa rai, amma nauyin ya koma kan ƙashin mota. Bambancin da ake ji a sitiyari ba kaɗan ba ne. Yawancin akwatunan da ƙugiyoyi biyu ko huɗu aka kama su a leɓen bodi, kwance su aikin minti goma ne. Wahalar ba a noti take ba, a kwashe kaya take. Duk wanda ya shekara da akwati a mota ya san abin da ke ciki: jak, sarƙa, igiyar jan mota, wayar tada batir, gwangwanayen da ka manta ranar da ka saya. Sai ka juye su, ka nemi mai kama maka, domin ko na alminiyom ne mutum ɗaya ba ya sauke shi ba tare da ya karce fenti ba. In kai ma'aikaci ne, mai gyaran famfo ko wutar lantarki, da akwatin nan kake ci daga Litinin zuwa Juma'a, to saukewa da ɗorawa duk mako zai gundure ka kafin wata biyu. Na san kaina, kai ma ka san kanka.

Sannan ga gilashi. Da akwati ya tafi, babu komai tsakanin kariyar gaban babur da gilashin bayanka sai katangar bodi, wadda kariyar ta fi ta tsawo. Wani abokina ya ɗan ƙara wuta a saman tsani don tayar baya ta haye, babur ya yi tsalle gaba, ƙugiyar wincinsa (injin jan igiya da ke gaban babur) ta taɓa gilashin. Ƙarar ba ta fi ta fashewar kwalba ba, amma sai da muka wuni muna tsintar gutsattsari a kujerar yara. Maganinsa guntun katako mai kauri da za ka kwantar a gaban bodi, tayoyin gaba su tokare shi kafin ƙarfe ya kai ga gilashi. Ka sani duk incin da katakon ya ci, tayar baya ce ke biya, don haka kada ka zarce abin da ake bukata. Wanda ke da hali ya sa ragar ƙarfe a bayan gidan direba ya huta.

To kayan aikin fa, ina za su? Nan ne masu ƙofa huɗu suke da abin da suka manta suna da shi. Ƙarƙashin kujerar baya akwai wuri mai yawa, kuma a kulle yake. Akwai ƙananan akwatuna da ke zama a lungun bayan ƙusoshin taya, inda babur ba ya taɓawa tunda tsakanin ƙusoshin yake bi. Akwai masu kwanciya a kan leɓen bodi ta gefe, sai dai ka auna faɗin laka-gad ɗin babur ɗinka kafin ka saya. Masu Ram da ke da RamBox an gina musu nasu a jikin bodi tun daga kamfani. Akwai kuma siririn akwatin gicciye mai cin inci 12, wanda ni ban ga hikimarsa sosai ba a gajeren bodi: ka rage wurin kaya, tayar kuma har yanzu tana tsakiyar ƙofa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Wasu na sa dakalin ƙarfe a gaban akwatin, tayoyin gaba su hau, hancin babur ya haye saman akwatin. Dabara ce mai kyau a takarda, kuma tana dawo maka da inci da dama. Amma murfin akwatin ba zai buɗu ba sai an sauke babur, kariyar ta matso daf da gilashi, kuma hawa dakalin nan a cikin bodi, bayan ka gama hawa tsani, ba aikin sabon shiga ba ne. In babur ɗin tsoho ne mai kafireto, ka rufe makunnin fetur, in ba haka ba ka tarar da mai ya tsiyaye.

Sai rufin alminiyom mai ɗaukar kaya a samansa, irin na kamfanin DiamondBack na jihar Fensilbeniya, wanda babbansa ke ɗaukar fam 1,600, wajen kilo 725. Da shi, bodin gaba ɗaya ya zama akwati mai makulli, babur ya hau sama, wasu ma biyu suke ɗorawa a gicciye. Wannan shi ne kaɗai ya warware rigimar akwati da babur daga tushe. Amma kuɗinsa da na tsaninsa dubban daloli ne, ya fi kuɗin tirela. Ka ɗora kilo 300 a tsayin kafaɗarka, don haka motar tana jin kowace kwana. Hawa kuwa, ko da tsani mai ƙafa 12, sai mai ƙarfin zuciya. Na kalli wani yana yi sau ɗaya, na yi masa fatan alheri.

Tunda tsani ya shigo, bari in tsaya a kansa, domin a nan mutane ke jin ciwo, ba a kan hanya ba. Bodin babbar a-kori-kura mai jan taya huɗu yana kai inci 35 ko 36 daga ƙasa. Da tsani mai ƙafa 6, gangaren digiri 30 ne. Da mai ƙafa bakwai da rabi ya sauko wajen 24, da mai ƙafa 10 kuwa 17 da rabi. A digiri 30, da ka ɗan matsa wuta, gaban babur ya tashi, kilo 300 ya kifo a kanka. Ka nemi tudu ko kwari ka sa tayoyin bayan motar a ciki, bodi ya sauko. Ka ɗaure tsanin da jikin mota da bel, kullum, ko da sau ɗari ka hau lafiya, domin tayar baya ce ke harba shi baya daidai lokacin da ta gaba ta haye. Ƙaramar giya, jan taya huɗu, hular kwano a ka, jiki a karkace gaba, wuta iri ɗaya ba tsayawa. In kana da winci, sauka ka bar shi ya ja. Mai akwati a mota kuma yana da ƙarin nauyi a wuyansa: da tayar baya ta taɓa ƙofa, bamba ta riga ta kai akwati, babu ko taku ɗaya na birki.

Duk wannan tashin hankali ƙaramar tirela ke kawarwa. Mai ƙafa 5 da 8, wadda ake samu a shagunan kayan gona irin Tractor Supply, ƙasanta bai fi gwiwa ba, ƙofarta ita ce tsaninta. Yaro mai hankali ma zai hau da babur. Akwatinka na nan, ƙofar bodi a rufe, kyamarar ribas da ke jikin ƙofar tana kallon baya maimakon kallon kwalta, bodin kuma ya zama na kular sanyi da jarkar mai da tanti. Ranar da ka sauya zuwa babur mai kujera biyu, irin Can-Am Outlander MAX da ya haura inci 90, ba sai ka sake lissafi ba.

Kuɗinta ba a ranar saye kaɗai ake biya ba. Mai kyau sabuwa daga dala 1,000 zuwa sama take, sai rajista da lamba a yawancin jihohi, sai tayoyi da ke tsagewa don zama ba don tafiya ba, sai boris da ke son giris duk shekara, sai fitilun da ba sa mutuwa sai daren da za ka yi sammako. Sai wurin ajiya, wanda shi ne ya kayar da ni: ƙungiyar masu gidajen unguwarmu ba ta yarda a ga tirela a ƙofar gida ba. Ribas da gajerar tirela ya fi na doguwa wuya, tana lanƙwashewa kafin ka ankara, kuma a ƴar siririyar hanyar daji da ta ƙare ba mafita za ka yi zufa. A Kalifoniya duk mai jan tirela mil 55 a awa ne iyakarsa. Ka kuma tabbata kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta yana kan mahaɗa, in ba haka ba ta riƙa kaɗa wutsiya. Wani abu ɗaya: kada ka ja tirela da ƙofar bodi a kwance ba tare da ka gwada kwana a fili ba, domin jak ɗin tirelar na huda ƙofar.

Abin da ya sa tirela ke cin gasa ga mai iyali ba ya ma da alaƙa da akwati. Buɗe ƙofar direba ka dubi takarda mai rawaya da ke manne a ginshiƙi, an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe. Tawa kilo 750 da 'yan kai ne. Babur 280, akwati da kayansa 70, tsani 20, manya huɗu 320, kular sanyi da mai 50. Ga 740 nan, ba a sa ko jakar kowa ba. Mota mai kujera biyar ba ta nufin mutum biyar da babur.

Ko a bodi ko a tirela, ɗauri ɗaya ne: bel huɗu masu tamkewa, biyu na ja gaba biyu na ja baya, a maƙale a ƙashin babur ba a kariya ba. Lambar da za ka duba a jikin bel ita ce ta nauyin aiki, wadda yawanci kashi ɗaya cikin uku ce ta babbar lambar da ake bugawa a kwali. Ka tamke har shokozoba ta ɗan zauna, ka ja birkin ajiye, ka tsaya bayan mil goma ka sake tamkewa, za ka tarar sun saki.

Ga 'yan uwa na gida da ke tambaya game da Hilux mai ƙofa huɗu don kai irin wannan babur gona, lissafin ya fi tsanani. Bodinta wajen mita ɗaya da rabi ne, inci 60, kamar na gajerar Toyota Tacoma a nan, tsakanin ƙusoshin taya kuma bai kai inci 45 ba. Babur mai faɗin 48 dole ya hau kan ƙusoshin, tayar bayansa kuma tana kan ƙofa ko babu akwati. Da akwati kam kada ma a fara. A je wurin mai walda ya ƙera tirela.

Ni ga yadda na ƙare. Hanyoyin babura na dajin Wayne National Forest a buɗe suke daga Afrilu zuwa Disamba, kuma daga gidana awa ɗaya ne da 'yan mintuna, ni kaɗai nake zuwa ko da mutum ɗaya. Don haka da Afrilu ya kama nake sauke akwatin in ajiye shi a gareji a kan katako mai ƙananan tayoyi, jak da igiya da sifanu su koma ƙarƙashin kujera, filawud ya shiga bodi. Sau biyu a shekara, in za mu hanyoyin babura na Hatfield-McCoy a Yammacin Bajiniya da iyali, nakan je kamfanin haya na U-Haul in yi hayar tirela mai ƙafa 5 da 9 mai tsani a jiki, in mayar musu ranar Litinin su ji da boris ɗinsu. Da na kasance mai aiki da akwatin kullum, ko ina da filin ajiya, da tuni na sayi tawa. A tsakiyar Disamba maƙwabcina ke kama mini mu mayar da akwatin, kuma har yau bambar Rancher ɗin nan tana da shatinta a fuskarsa, ɗan loɓi kamar tafin hannu, daga gonar dattijon nan.